Mai jifana yana gajiya, na kwamfuta ba ya gajiya: cuta ce ko kuwa?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana buga kakar besbol a wasan bidiyo na MLB The Show, kuma abu biyu sun tsaya maka a rai. Na farko, da an shiga zagaye na biyar ko na shida sai hannun mai jifanka ya mutu, ƙwallo ta riƙa zuwa inda ba ka aike ta ba, alhali mai jifan kwamfuta yana kaiwa zagaye na takwas garau, ko gumi babu. Na biyu, duk sanda ka wuce gaba da maki biyu ko uku, sai kwamfuta ta zabura ta farke su a zagaye guda. Shi ne kake tambaya ko da gangan aka gina wasan don ya cuci mai bugawa.

Abin da ka gani ka gan shi, ba zan yi maka musu ba. Na daɗe a cikin waɗannan wasanni, tun daga na kati da dayis a kan tebur har zuwa na allo, kuma ni ma na sha ajiye hannun gem cikin fushi da wannan zargi a bakina. Sai da na zauna na ƙirga na gane cewa kaso mafi girma na bambancin daga yadda nake riƙe kulki yake fitowa. Akwai kuma ragowar kaso da rashin adalci ne tsagwaronsa, amma ba a inda yawancin mutane ke nuna yatsa yake ba.

Saboda wanda zai karanta wannan bai saba da besbol ba: wasa zagaye tara ne. A kowane zagaye ƙungiya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku, sannan a yi musanya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, mita 18 da ɗoriya daga mai bugu. Idan mai bugu ya bar jifan da ya bi ta cikin akwati, wato yankin da ke gabansa daga gwiwa zuwa ƙirji, ya wuce, ko ya kai duka ya kuskure, an ci shi ɗaya. Aka ci shi uku, ya fita. Idan kuma mai jifa ya yi jifa huɗu a wajen akwati, mai bugu bai kula su ba, sai ya wuce tashar farko kyauta; wanda ya zagaye tashoshi uku ya dawo inda ya yi bugu ya ci maki ɗaya. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum, shi ya sa hannun mai jifa ya zama dukiyar da ake tattali kamar ruwan randa a bazara.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wasan ba ya ƙirga gajiya da zagaye, da yawan jifa yake ƙirgawa. A besbol na gaske, mai bugu ɗaya yakan ga jifa kusan huɗu kafin a rabu da shi, kuma koci yakan fara tunanin cire mai buɗe wasa, wato mai jifan da ya fara wasan, idan ya doshi jifa 90 zuwa 100. Masu bugun kwamfuta an koya musu irin wannan haƙurin. Suna barin jifan waje ya wuce, suna kauda wanda ba su so da bugun gefe, suna ja maka rai. Ka ɗauka mai jifanka ya fuskanci mutum 25 zuwa ƙarshen zagaye na shida, kowane ya ci masa jifa huɗu: jifa 100 ke nan, ya gama aikinsa na ranar. Yanzu juyo ka dubi kanka. Ɗan Adam da ke riƙe da hannun gem ba ya son jira. Jifan farko ko na biyu ya kai duka. Idan mutanenka 24 kowanne jifa biyu da rabi yake gani, mai jifan kwamfuta ya gama zagaye shida da jifa 60 kacal. Zagaye ɗaya kuke, amma ɗaya ya ɗauki buhu goma, ɗaya ya ɗauki shida. Ba abin mamaki ba ne na biyun ya kai zagaye na takwas yana murmushi.

Ranar da na fara gane haka, ɗan littafin rubutu na ajiye a kan cinyata, na raba shafi biyu, duk jifan da aka yi sai in ja kara ɗaya a ɓangaren mai shi. Kafin a kai tsakiyar wasa, ɓangarena ya cika da karare har na sauka layi na gaba, ɓangaren kwamfuta kuwa rabinsa fari fes. Na duba yadda 'yan wasana suka fita: wannan jifa ɗaya, wancan biyu, wani ya bi ƙwallon da ta faɗi ƙasa tun kafin ta iso shi. Da hannuna nake ba mai jifanta hutu, zagaye bayan zagaye.

Haka nan a ɓangaren jifa. Mu masu bugawa muna son fitar da mutum da ci uku, saboda daɗinsa. Sai mu yi ta laluben gefen akwati, muna jefa ta ƙasa ko waje ko zai biyo. Fitarwa da ci uku ba ta yiwuwa da ƙasa da jifa uku, sau da yawa takan kai biyar ko shida, alhali bugun da ya gangara ƙasa zuwa hannun mai tsaron tasha jifa ɗaya zai ci maka. Idan kana son mai buɗe wasanka ya ga zagaye na bakwai, dole ka yarda a riƙa taɓa ƙwallonsa, ka bar mutum bakwai da ke bayansa su ci gumin albashinsu.

Yadda ake gina gajiya a cikin wasa ya fi sauƙin fahimta idan ka ga tsohon salo, inda komai a fili yake. Strat-O-Matic, wanda Hal Richman ya fara sayarwa a 1961, wasan tebur ne. Kowane ɗan wasa yana da katinsa. Ka jefa dayis uku irin na lido: fari ɗaya yana zaɓar layi, idan ya ba da 1 zuwa 3 a duba katin mai bugu, idan 4 zuwa 6 a duba katin mai jifa, sauran biyun kuma a haɗa su su nuna gurbin da za a karanta. A kan katin mai jifa an rubuta zagayen da ƙarfinsa ke fara ƙarewa. Idan ya kai wannan zagaye, sannan ya bari mutum uku suka hau tasha a zagaye ɗaya, ko huɗu a zagaye biyu a jere, to ya gaji. Daga nan akwai wasu gurabe a katinsa masu ɗan ɗigo a gefe. Da yana da ƙarfi, waɗannan gurabe fitar da mai bugu suke yi. Da ya gaji, sai su koma bugun tsira, wato bugun da ke kai mai bugu tasha lafiya. Shi ke nan dokar.

Abin da nake so a wannan tsari, ɗigon nan kowa yana ganinsa. Abokin wasanka yana zaune a gabanka, ya ga katinka, ka ga nasa, dayis ɗin kuma a tsakiyar tebur suka faɗi. Ban taɓa jin an tashi daga teburin an ce dayis sun haɗa baki da wani ba, ko da an yi rashin sa'a mai ciwo. Wasan allo ya fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, amma ya ɓoye dayis ɗinsa a ciki, kuma duk hukuncin da aka yanke a bayan labule dole a yi masa zato.

A The Show, wanda ɗakin aikin Sony na San Diego ke fitarwa tun 2006, ma'auni biyu ne ke aiki tare: na ƙarfi da na ƙwarin gwiwa. Ƙarfi yana raguwa da kowane jifa, gwargwadon juriyar da aka rubuta wa ɗan wasan. Ƙwarin gwiwa kuwa hawa da sauka yake: ka fitar da mutane ya hau, a buge ka ko ka ba da wucewa kyauta ya sauka. Haɗuwarsu ce ke haifar da abin da ya ba ka haushi. Mai jifa ya gaji, ƙwallo ta kauce, aka buge ta, ƙwarin gwiwa ya faɗi, ta ƙara kaucewa, aka ƙara bugewa. Cikin minti biyu wasan da ke hannunka ya zame. Mai jifan kwamfuta yana ƙarƙashin wannan gangara shi ma. Bambancin shi ne ba ka cika tura shi bakin gangarar ba.

Akwai wani abu kuma da gajiya ke ɗaukar laifinsa alhali ba nata ba ne duka. Masu nazarin alƙaluman besbol, irin su Mitchel Lichtman da Tom Tango, sun daɗe da nuna cewa masu bugu suna ƙara samun nasara a kan mai buɗe wasa duk lokacin da suka sake fuskantarsa a wasa ɗaya. Karo na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu. Lichtman ya karkata ga cewa sabo ne babban dalili: sun ga yadda hannunsa ke saki, sun ga yadda jifansa ke lanƙwasa, ido ya waye. Wasu masana lissafi daga baya suka ce raguwar a hankali take tafiya tun daga farkon wasa, babu wata katanga da ake karo da ita a karo na uku. Ko wanne ka bi, lokacin ɗaya ne: jerin masu bugu mutum tara ne, don haka mutum na 19 shi ne farkon karo na uku, kuma yakan zo a zagaye na biyar ko na shida. Daidai inda ka ce abin yake lalace maka.

Kocin gaske ma wannan gaɓa ce ke hana su barci. A wasa na shida na World Series na 2020, wato jerin wasannin cin kofin babbar gasar, mai jifa Blake Snell na Tampa Bay Rays yana gaba da Los Angeles Dodgers da 1-0. Ya fitar da mutum tara da ci uku, bugun tsira biyu kawai aka yi masa, jifansa 73. Mutum uku na saman jerin Dodgers, Mookie Betts da Corey Seager da Justin Turner, sau shida suka fuskance shi, sau shida ya ci su uku-uku. A zagaye na shida, bayan Austin Barnes ya hau tashar farko, Betts na tahowa karo na uku, sai koci Kevin Cash ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannun Snell. Wanda ya karɓe shi, Nick Anderson, an riga an yi ta amfani da shi a wasannin ƙarshen kaka, kuma an ci maki a hannunsa a wasanni shida a jere kafin ranar. Betts ya buga wadda ta kai shi tasha ta biyu, maki biyu suka shiga a zagayen, Dodgers suka ci 3-1 suka ɗauki kofi.

Shekara 17 kafin nan an ga kishiyar haka. Wasa na bakwai tsakanin Boston Red Sox da New York Yankees a Oktoba 2003, wanda ya ci ya je World Series. Mai jifan Boston Pedro Martinez ya gama zagaye bakwai da jifa kusan 100, Boston na gaba 5-2 a zagaye na takwas. Aka buge shi sau biyu a jere, koci Grady Little ya taka har kan tudu, ya yi magana da shi, ya juya ya bar shi. Hideki Matsui ya buga, Jorge Posada ya buga, wasa ya koma 5-5. Martinez ya sauka da jifa 123, Aaron Boone ya tsallakar da ƙwallo katanga a zagaye na 11 Yankees suka ci, Little kuma bai koma kujerarsa a kaka ta gaba ba.

Na kawo su biyun ne don ka ga nauyin da ke kan mai rubuta kocin kwamfuta. Ɗaya ya cire da wuri an zage shi, ɗaya ya bari an sallame shi. A ganina Cash ya karanta haɗarin karo na uku daidai, kuskurensa shi ne miƙa ƙwallo ga hannun da ya fi na Snell gajiya. Wannan darasin yana aiki a allonka kai tsaye: kafin ka cire wanda ya fara sanyi, duba ma'aunin wanda za ka kira.

Mu koma kan farke maki. Wannan zargi duk wanda ya taɓa zama a shagon gem a Kano ko Maraɗi ya san shi, ana ci 2-0 a FIFA ko PES sai a farke a minti na 90, a ce kwamfuta ta sayar da wasa. Har kotu maganar ta je. A Nuwamba 2020 wasu mutum uku a Kalifoniya suka kai kamfanin EA ƙara, suna zargin yana sauya wahalar wasa a ɓoye a FIFA da Madden da NHL. A Maris 2021 EA ta sanar da cewa sun janye ƙarar bayan an ba su bayanan fasaha da damar magana da injiniyoyinta. Wannan ba hujja ba ce a kan kowane wasa, kuma ba EA ke yin The Show ba, amma ya nuna maka yadda zargin ya bazu da kuma wuyar tabbatar da shi da ji a jiki kawai.

A besbol lissafi kaɗai ya isa ya haifar da abin da kake gani. Mai bugu na tsaka-tsaki yana hawa tasha kusan sau 32 cikin 100. Yiwuwar mutum huɗu su hau a jere kusan 1 cikin 100 ne, ka ga kamar abu ne mai wuya. Amma ƙungiya tana aiko da masu bugu kusan 38 a wasa ɗaya, don haka damar tana maimaituwa. Idan ka buga lissafin, kusan wasa ɗaya cikin huɗu za a yi maka wannan jeri, wato kusan sau 40 a kaka, ba tare da wani ya taɓa dayis ba. Ka ɗora gajiyar mai jifa da karo na uku a kai, sai jerin ya fi taruwa a zagaye na shida da na bakwai, lokacin da kake ganin nasara ta kusa. Kuma zuciya ba ta riƙe abubuwa daidai. Ranar da aka farke maka uku za ka tuna ta wata guda. Ranar da kai ka farke wa kwamfuta, ƙwarewarka za ka kira ta. Ranakun da ka shiga gaba ka ƙare a gaba, waɗanda su ne mafi yawa, ba ka ma ƙirga su.

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai wuraren da ƙorafinka ke da tushe.

Babba a cikinsu shi ne kwamfuta ita ce filin, ita ce alƙalin wasa, ita ce kuma abokiyar hamayya. Da ka danna maɓalli, shirin ya san irin jifan da ka zaɓa da inda zai sauka, tun ƙwallo ba ta bar hannu ba. Don mai bugunta ya yi kama da mutum, dole mai rubuta shirin ya ɗaure masa ido da gangan: ya sa shi hasashe, ya sa shi jinkiri, ya sa shi ya riƙa bin jifan banza lokaci zuwa lokaci. Abin da ake kira matakin wahala, a ɓangaren masu bugun kwamfuta, kusan sassauta wannan ɗaurin ne. Ka hau mataki irin Hall of Fame ko Legend, sai su daina bin jifan waje, su riƙa kauda na gefe. Kowane mutum ya ƙara ci maka jifa ɗaya, mai jifanka ya gaji da wuri, ba tare da an taɓa lissafin gajiya ko kaɗan ba. A lokaci guda kai kuma an ƙara maka gudun ƙwallo an rage maka wurin duka, ka ƙara gaggawa. Almakashi ne mai baki biyu, kuma ina ganin hakkin masu yin wasa ne su bayyana wa mutane wannan ƙarara.

Na biyu shi ne abin da nake kira haraji biyu. Idan mai jifanka ya gaji, wasa yana ƙara wa ƙwallonsa kaucewa, wannan ɗaya. Sannan aikin da yatsanka zai yi don sakin ta daidai yana ƙara wuya, wannan biyu. Kwamfuta ba ta da yatsa. Lamba ɗaya kawai ake sauya mata. Idan ba a auna wannan lamba ta yi daidai da harajinka biyu ba, to gajiyarku suna ɗaya ce amma nauyinta ya bambanta. Abin yana iya juyawa ma: mai ƙwararren yatsa yakan ja mai jifan da ya ƙare har zagaye na tara ya tsira, abin da ba zai yiwu a fili ba. Ka ƙara da cewa kai kanka kana gajiya. Bayan minti 40 kana kallon allo, hankali ya fara rarrabuwa, ka koma jifa biyu da ka fi yarda da su, a wurare biyu da ka saba. Wasan da ke lura da tarihin jifanka zai cafke wannan.

Na uku ƙarami ne amma yana da ciwo. Na gamu da wasannin da ke tilasta wa mutum ya tada ɗan canji ya ɗumama hannu kafin ya shigo, in ba haka ba ya shigo da sanyi, alhali kocin kwamfuta yana kiran nasa nan take kuma ya zo a shirye. Wannan ba shi da wata fassara, doka biyu ce a fili ɗaya. Idan wasan ya ba da damar kashe dokar ɗumamawa, ni kashe ta nake yi, don mu tsaya a kan ma'auni guda.

Shi kuwa taimaka wa wanda ke baya, ba haramun ba ne a kowane wasa. Mario Kart yana ba na baya kayan faɗa mafi ƙarfi, kowa ya sani, kuma shi ne daɗin wasan. Amma wasan da ya ce shi kwaikwayon besbol ne ya ɗauki alkawarin cewa alƙalumansa za su yi kama da na gaske. Idan ya saka hannu a ɓoye ya karya alkawari, kuma alƙaluman kaka guda za su tona shi. The Show yana da zaɓin da wahala ke hawa da sauka bisa yadda kake bugawa, amma a fili yake, kai ke kunna shi. Duba ko a kunne yake a wurinka, domin idan kana cin wasanni a jere zai ɗaga ka mataki, ka ji kamar kwamfuta ta sauya hali. Super Mega Baseball ya fi burge ni a nan, da ma'aunin wahalarsa mai suna Ego mai kaiwa har 99, wanda kai ke saita shi kuma ka san a inda kake tsaye.

Kada mu manta mu ma muna cutar kocin kwamfuta. Halinsa ba ya sauyawa, da ka gane lokacin da yake cire mai jifa ko yake sako mai bugun canji, sai ka yi ta jan sa yana ƙona mutanensa.

Wani abu da ka ce kakar wasa kake bugawa ya tuna min: gajiyar kwanaki. Ƙungiya ba ta wuce masu jifa 13 a jerinta, yawanci biyar masu buɗe wasa da takwas 'yan canji. Mai buɗe wasa yana bukatar hutun kwana huɗu, ɗan canjin da ya yi aiki kwana biyu a jere kuma ba shi da kuzari a na uku. Idan kana buga wasu wasanni da hannu kana barin kwamfuta ta wuce maka da sauran, to ita ke juya 'yan canjinka a waɗannan ranaku. Sai ka dawo ka tarar da amintattunka biyu a gajiye, ka sa su a haka, a farke maka. Tun 2020 kuma doka ta ce wanda ya shigo sai ya fuskanci mutum uku ko ya ƙare zagayen, don haka idan ka kira gajiyayye ba ka da hanyar janye shi nan take. Kafin kowane wasa, buɗe shafin masu jifa ka ga wa ke da ƙarfi.

Gani ya kori ji, kuma gwajin gajiya ba ya bukatar wasa ɗari. Zaɓi mai jifa ɗaya. Buga wasan sada zumunta yana hannunka, ka rubuta inda ma'aunin ƙarfinsa yake a jifa na 50 da na 75. Sake buga wasan da ƙungiyar da ke hamayya da shi, yana hannun kwamfuta, ka yi haƙuri ka ja shi har ya kai waɗannan lambobi, ka rubuta. Maimaita sau uku ko huɗu, saboda a wasu wasanni irin jifan da matsin zagaye suna shafar yadda ƙarfi ke tafiya. Idan ma'aunin yana sauka kusan daidai, dokar gajiya ɗaya ce gare ku. Idan akwai tazara mai faɗi da ke maimaituwa, ka kama abu a hannu. Gwajin farke maki shi ne mai bukatar yawa: ka bar kwamfuta ta buga da kanta, ka rubuta duk wasan da wani ya shiga zagaye na bakwai yana gaba da maki uku da yadda aka ƙare, sannan ka kwatanta da naka wasannin. Ƙasa da wasa 30 a kowane ɓangare ba za su gaya maka komai ba.

Idan gwaji ya nuna tazara, ko kuma salon bugunka ba zai sauya ba, The Show ya ba da ma'aunan saiti daban na mutum da na kwamfuta: juriyar mai buɗe wasa, juriyar ɗan canji, da saurin kocin kwamfuta wajen cire mai jifa. Rage juriyar nata da ɗigo ɗaya, ka buga wasa goma kafin ka sake taɓa wani abu. Masu murɗa ma'auni biyar a dare ɗaya ba sa sanin wanne ya yi aiki. In kuwa abin da kake nema shi ne filin da yatsa ba shi da ta cewa, gwada Out of the Park Baseball, wanda Bajamushe Markus Heinsohn ya fara a 1999. A can kai koci ne kawai, injin da ke buga wasanka shi ke buga na sauran ƙungiyoyi, kana iya sa wa mai jifa iyakar jifa, kana iya saita juriyar masu jifa ta dace da zamanin da ka zaɓa. Wannan saiti ba ƙaramin abu ba ne, domin a shekarun 1970 akwai kakar da masu buɗe wasa suka kammala wasa da kansu fiye da sau 1,000, a 2023 kuwa sau 35 kawai aka yi.

Amma kafin ka taɓa saiti ko ɗaya, yi min wannan a wasa goma masu zuwa. A zagaye uku na farko kada ka kai duka sai an ci ka ɗaya. Da mai bugu na 17 na kwamfuta ya taho, tada ɗan canji ya fara ɗumama hannu, ko da mai jifanka yana tashe. Ka rubuta yawan jifan ɓangarorin biyu a ƙarshen zagaye na shida, ka aiko min da lambobin mu duba tare.